Wuyana a Hannun Malam

Shekara ashirin ina ja wa Malam baki. Ga wanda bai san abin ba, ga yadda yake: in azumi ya kama, bayan la'asar, Malam zai zauna a ƙofar masallacin unguwarmu a Roni, ni in zauna a damansa. In karanta aya da murya, ya fassara ta da Hausa, in ja ta gaba. Aikin ke nan. Sauran wata goma sha ɗaya ni tela ne, kekena ɗaya a bakin kasuwa, kuma tsakani da Allah ɗinkina ba wani abin a zo a gani ba ne. Rabin masu kawo mini yadi don muryar suke kawowa. Su zauna a benci suna jiran in manta da su in fara tilawa ina taka keke. Na sani, su ma sun san na sani.

Ba cika baki ba, Allah ya ba ni murya. In na ja aya ta lasifika, mata a cikin gida sukan ajiye muciya. Akwai wani Bafulatani da ke tahowa a babur tun daga wajen Gwiwa kullum, da ƙishirwar azumi da komai, wai shi jan kawai yake zuwa ji, fassarar ba ta dame shi ba. Da maganar ta kai kunnen Malam, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "To Alaramma, ashe ni ne ɗan rakiya." Haka muke da shi. Makarantar allo ɗaya muka yi, ya girme ni da shekara huɗu, shi ya zarce zuwa littattafai, ni na tsaya a hadda. A wajen tafsiri ba ya yi mini alama in zai tsaya. Daga yadda ya sauke numfashi nake gane ya gama, in ɗauka.

Ciwon a sace ya shigo. Da farko ƙasusuwa ne, ƙugu da ƙwauri, in taka keke rabin awa sai in ji kamar na yini ina noma. Sai ƙishirwa, sai yawan zagawa, sai wata kasala da ban san irinta ba. Matata ta ce suga ne, aka gwada, babu. Maƙwabta suka ce sanyin ƙashi ne, na sha jiƙe-jiƙe har bakina ya daina gane ɗaci. Rannan da hantsi wani ciwo ya soke ni a kwiɓi, na faɗi tsakanin keke da benci, aka ɗauke ni a mota zuwa Kazaure. Aka ce tsakuwa ce a ƙoda. Duk wannan na jure. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da ina tilawa na kai tsakiyar wata aya, sai na tsaya cak. Ayar da na haddace tun ban fara gemu ba. Na koma baya na sake tahowa, na sake tsayawa a wurin. Na rufe shago na tafi gida, ban gaya wa kowa ba.

Likitan da ya duba ni a Kazaure, Allah ya saka masa da alheri, bai tsaya a tsakuwar ba. Ya sa aka ɗebi jini sau biyu, ya ce wani sinadari da ake kira kalsiyam ya yi yawa a jinina, ya rubuta takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. Wa zai raka ni? Ba a ma yi shawara ba. Malam ya ce shi ne, ya ɗage karatun ɗalibansa na ranar, muka kama hanya.

Likitar da muka samu mace ce, 'yar Kudu, Hausarta tana ɗingishi amma tana kai saƙo. Zuwa uku muka yi, aka yi gwaje-gwaje da hoton wuya. A zuwa na uku ta ɗauki biro ta zana mini. Ta ce a bayan maƙogwaron kowa akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar dawa ba, su ke kula da wannan sinadari. Ɗaya daga cikin nawa ta kumbura ta ƙi jin magana, tana kwasar ƙarfin ƙashi tana zubawa a jini. Ciwon ƙashin, da tsakuwar, da ƙishirwar, har mantuwar, duk ita ce. Magani shi ne a tsaga wuya a cire ta.

Da na ji ta ce har mantuwar, sai da na yi hamdala a fili. Ashe ba tsufa ba ne, ba kuma zunubi ne ya ci mini hadda ba. Ta gyara zama za ta ci gaba, sai Malam ya dafa ƙafata ya ce, "Alaramma, an kira azahar. Je ka ka yi, ni zan ji sauran."

Na miƙe. Likitar ta ce, "Baba, zauna mana. Wuyanka ne."

Na yi dariya na ce, "'Yata, wannan yayana ne. Abin da ya ji, na ji."

Kada wanda ba ɗan nan ba ya yi mamaki. Mu a wajenmu ba a zaunar da mara lafiya a karanta masa ciwonsa. Ɗan rakiya ne ke ji, ya tace, ya ba shi abin da zai iya haɗiya. Ni kaina na yi wa mahaifina haka, har ya koma ga Allah yana zaton gyambon ciki ne ke damunsa, kuma ban taɓa ganin na yi laifi ba. Don haka da ƙafata na fita daga ɗakin nan, babu wanda ya tura ni.

A motar komawa, sai da muka wuce kwanar Dambatta Malam ya buɗe baki. Ya ce likitocin tiyata biyu ne. Akwai babba a can asibitin, amma layinsa ya yi tsawo, ranar da za a iya ba ni sai wajen goma ga azumi. Akwai kuma namu, ɗan Babura, wanda ya yi karatun allo a zauren Malam yana ƙarami, yanzu ya zama likita a wani asibitin kuɗi. Shi zai iya yi a Rajab, kafin azumi na warke sarai.

Na ce, "Ita likitar me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce aikin ba babba ba ne. Duk wanda ya yi, ɗaya ne."

Ga abin da ya sa zancen wata ya dame mu. Malam ba ya gaggawa a tafsiri, shekara bakwai yake yi kafin ya kai ƙarshe. Azumin da ke tafe shi ne na bakwai, sauka ta uku tun da muka fara. An riga an aika wa malamai a Kazaure da Babura da Yankwashi. Kuma izu na ƙarshe, gajerun surori, nan ne mai jan baki yake nuna abin da Allah ya ba shi. Ni ma ina so, ba zan yi ƙarya ba. Amma fa wuya ne, kuma wuƙa ce. Kwana biyu ina juya abin, kaina kuma a lokacin ba ya riƙe tunani. Sai na je na ce, "Malam, na kasa zaɓa. Ka yi mini istihara. Duk wanda Allah ya nuna maka, shi ne."

Na san kowa tasa ya kamata ya yi. Raka'a biyu ce da addu'a, ka roƙi Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri. Na sha gaya wa mutane haka. Amma da abin ya zo kaina, sai na ga ta Malam ta fi tawa kusa da karɓuwa. Bayan kwana uku ya biyo ta shago, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na yi, Alaramma. Zuciya ta kwanta a kan ɗan namu."

Shi ke nan, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Matata ce kaɗai maganar ba ta kwanta mata ba. Mace ce mai baki, shekara talatin da wani abu muna tare ban taɓa cin ta a gardama ba sai da tsawa. Ta ce, "Alaramma, ka tambaye shi sau nawa ya taɓa yin irin wannan aikin?"

Na ce, "Wa zan tambaya?"

"Shi likitan mana. Kai da kanka, wa ya taɓa ba ka shadda mai tsada bai ga ɗinkinka ba?"

Na ce haba, wace irin magana ce wannan? Mutumin da in ya gan ni sai ya durƙusa har ƙasa, na san ubansa, na je sunansa, shi zan tsare da tambaya kamar ɗan sanda? Kuma bayan Malam ya yi istihara? Ta ce ita ba ta ja da istihara ba, tambaya kawai ta ce a yi. Na daka mata tsawa na ce ta fita daga maganar maza. Ta fita. Da cikakkiyar muryata na yi tsawar nan, kuma yau in na tuna ta kunya ce ke kama ni.

Shirin ba shi da yawa. Aka sake ɗibar jini, aka auna zuciya, aka ce in an ci tuwon dare kada in ƙara sa komai a baki. Likitan ya karɓe mu hannu bibbiyu, Baba Alaramma sama, Baba Alaramma ƙasa. Na lura ba ya haɗa ido da ni, na ɗauka ladabi ne. Aka kawo takarda da Turanci, ya yi wa Malam bayaninta ƙasa-ƙasa a bakin taga, Malam ya gyaɗa mini kai, na sa hannu da ajami. Wani nas ya zo da almakashi ya rage mini gemu ta ƙasa yana ta ba da haƙuri. Na ce masa ya dai yanka a miƙe, tela ne a gabansa.

Da safe kafin a tura ni, mutumin gadon da ke kusa da nawa, wani manomi daga Achilafiya mai jiran aikin ƙaba, ya gane ni. Ya ce don Allah in ɗan karanta masa, tsoro yake ji. Na karanta masa shafi guda, a hankali. Wata mai shara ta jingine tsintsiyarta ta tsaya. Su biyun nan su ne jama'ata ta ƙarshe. Da na sani, da na ƙara musu ko shafi ɗaya ne.

An ce awa ɗaya ne, matata ta ce sai da aka haura huɗu. Da na farka na ga fuskarta, na zo in yi hamdala, sai iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, wani gurnani ya biyo baya, ni kaina na tsorata. Likitan ya zo ya ce bututun da aka zura mini a maƙogwaro ne, kwana kaɗan muryar za ta dawo. Ya nuna mini abin da ya ciro a cikin 'yar kwalba, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce ta ɓuya can ciki, ya sha wahala kafin ya same ta.

Kwana biyu da aikin, leɓuna da yatsu suka fara wani abu kamar kiyashi na bin su, sai yatsun suka ƙandare, na kasa riƙe carbi. Aka ce ƙasusuwan ne ke zuƙe abin da aka daɗe ana ƙwace musu. Aka sa mini ƙarin ruwa da magani, daga baya aka koma wasu ƙwayoyi farare manya-manya. Kwana biyar aka sallame mu. A gida kuma ruwa ya zama abokin gaba, ko kurɓi ɗaya sai ya sarƙe ni in yi ta tari har hawaye. Sai da na koyi sunkuyar da kai in haɗiya a hankali. Koko mai kauri da kindirmo suka riƙe ni. Bafulatanin nan na Gwiwa da kansa yake kawo kindirmon a galan. Ya zauna ya kalle ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tashi ya hau babur ɗinsa.

Jiki kuwa, masha Allah. Kafin Sha'aban ya raba tsakiya ciwon ƙugu ya tafi, ƙishirwa ta tafi, ina taka keke yini guda. Hadda ta dawo tas, izu sittin, ko wasali bai ɓace ba. In rufe ido in bi ta a zuci daga farko har ƙarshe. Amma in na buɗe baki, kalma huɗu biyar numfashi ya ƙare. Madda kuwa, wadda nake ja har a ji ta a bayan duwatsun Roni, ko rabinta ba na kaiwa. In na matsa da magana na ɗan lokaci sai muryar ta ɗauke gaba ɗaya, sai na huta. Masu dubiya su shigo su ce, "Kai, aiki ya yi kyau! Ka ga yadda ka murmure?" In gyaɗa kai in miƙa musu hannu.

Malam kullum yana zuwa. Zuma, kanumfari, citta, rubutun sha, babu abin da bai kawo ba. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Ƙaddara ce, Alaramma. Mun nemi zaɓin Allah, kuma wannan ne zaɓinsa." Wannan maganar ita ta riƙe ni, wallahi ita ta riƙe ni. In baƙin ciki ya taso, sai in ce wa kaina, kai wane ne da za ka ja da abin da Allah ya zaɓa maka? Ya ba ka shekara ashirin da wani abu, ya karɓi kayansa. Sai in ji raina ya ɗan yi sanyi, in koma ɗinki.

Azumi ya kama, aka ɗauko wani daga Kazaure ya ja baki. Ba laifi, yana da murya, amma bai san Malam ba. Ko ya afka masa cikin magana, ko ya bar shiru ya yi tsawo har Malam ya waiwaya. Ina gida ina ji ta lasifika, ina cewa a raina, yanzu, ɗauka yanzu mana, bawan Allah! Ranar sauka aka aiko mota aka ɗauke ni, aka zaunar da ni a sahun manyan baƙi. Malam ya ambace ni a gaban jama'a, ya yi mini doguwar addu'a, mutane suka amsa da amin har wurin ya ɗauka. Na yi kuka sosai. Da aka tashi na kama hannunsa da hannu biyu na yi masa godiya. Godiya fa! Wannan godiyar ita ce har yau take ci mini rai.

Har bayan babbar salla murya ba ta motsa ba. Matata ta tsaya kai da fata sai mun koma wajen likitar nan ta Kano. Na ce a gaya wa Malam. Ta ce, "Wannan karon ni ce 'yar rakiya." Ban yi mata tsawa ba, ba ni da muryar yi.

Likitar ta gane ni. Ta dubi tabon wuyana, ta ji gaisuwata, sai fuskarta ta canza. Ta tura ni wani ɗaki aka zura mini siririyar kyamara ta hanci. Da sakamako ya dawo, ta ce tantanin murya biyu ne, suna haɗuwa suna rabuwa in mutum yana magana. Nawa na hagu ya tsaya, jijiyar da ke motsa shi ta taɓu. Ta ce akwai abin da za a iya yi magana ta ƙara fita, amma karatu irin na da, ba za ta yi mini alkawari ba. Sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, me ya sa ka je can? Na gaya wa yayanka."

Matata ta ce, "Likita, me kika gaya masa?"

Ta jawo fayil ta buɗe. Ta ce ta gaya masa hoton ya nuna ƙwayar ba ta inda aka saba samunta, ta nutse kusa da jijiyar murya. Ta tambaye shi sana'ata, ya ce mata ni mai karatu ne. Ta ce to in haka ne kada a kai ni wajen kowa sai wanda wannan ne aikinsa kullum, kuma duk inda za a je, a tambaya sau nawa mutum ya yi. Jiran wata uku ba zai cuce ni ba, in dai ina shan ruwa sosai ana duba jinin, azumin ma kada in ɗauka a shekarar. Har ta rubuta a takarda ta ba shi. Ta ce, "Sau biyu ya tambaye ni ko babban likitan ba zai iya yi kafin azumi ba. Sau biyu na ce masa ku jira."

Na jira matata ta ce ai na faɗa maka. Da ta faɗa, da na ji sauƙi. Sai kawai ta ɗauki jakarta, ta riƙe mini hannun riga har tasha.

Mako uku ina ɗauke da abin. Ban je zauren Malam ba, ya aiko na ce ba na jin daɗi. In ɗinka aljihu a juye in farke, in sake ɗinka shi a juye. Ba likitan ne ya fi ƙona mini rai ba, ko da yake shi ma da ya buɗe baki ya ce Baba wannan ya fi ƙarfina, da na sa masa albarka. Ba kuma ɓoye takardar ba ne, ai ni ma na yi wa mahaifina ɓoyo. Sai dai ni abin da na ɓoye, don shi na ɓoye. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, istiharar nan. In Malam ya yi ta da gaske, to ko da takarda a aljihunsa, zan ce Allah ne ya zaɓa, in ci gaba da haƙurina. In bai yi ba, to duk watannin nan da nake lallashin kaina da zaɓin Allah, zaɓin Malam nake yi wa biyayya.

Wata Laraba da hantsi na bari ɗalibai suka watse, na yi sallama na shiga. Yana zaune a kan buzunsa, littattafai a gefe. Ya yi murna ya ce, "Alaramma! Jiki ya yi sauƙi?" Na zauna can a bakin ƙofa. Ya lura, murnar ta ragu.

Na ce, "Na je Kano. Na ga likitar."

Ya rufe littafin da ke hannunsa.

Na ce, "Ina takardar da ta ba ka?"

Ya miƙa hannu ya zaro ta daga tsakiyar wani littafi, ko nema bai yi ba. Ya san inda take sarai. A ninke take huɗu, ta yi laushi don yawan taɓawa. Ya miƙo mini, ban karɓa ba. Me zan yi da ita yanzu?

Ya ce, "Na ɗauka tsoratarwa ce irin ta likitoci. Shi ma ɗan namu ya ce mini gara a kai ka can, ni na ce masa ashe karatun nasa na banza ne. Bai iya yi mini musu ba. Alaramma, shekara bakwai muna tahowa. Ban san ko zan ga wata saukar ba. Na kasa ganin kaina a wurin nan da wani a damana."

Na ce, "Ai ka gani."

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ba wannan ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya ce, kuma don girman Allah kada ka tace mini amsar. Ka yi istiharar?"

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

Ya ce, "Na yi alwala. Na shimfiɗa buzu. Sau uku, kwana uku." Ya share ido da gefen rawani. "Ban yi ba. Tsoro na ji kada a nuna mini ɗayan."

Na zata wuta zan ji. Sanyi na ji, tun daga tafin ƙafa. Mutumin da na ba wuyana ya yi mini ƙarya da sunan Allah, sannan ya riƙa zuwa kullum da zuma yana tuna mini da ƙaddara. Na gaya masa haka. Na gaya masa da yawa, abubuwan da ban taɓa zaton zan faɗa wa wanda ya girme ni ba. In tsaya in ja numfashi in ci gaba. Na gaya masa tsawar da na yi wa matata saboda shi. Na gaya masa godiyar ranar sauka. Yana saurare, bai katse ni ba, har muryar ta fara ɗaukewa.

Da na yi shiru ya ce, "Duk gaskiya ne. Na ci amanarka. Ka yafe mini, Alaramma, don Allah. Mun tsufa."

To, a nan ba a roƙon mutum gafara don Allah ya hana. Tun muna yara aka koya mana amsar, baki ma da kansa yake bayarwa. Kuma ina son sa, abin haushin ke nan, ina zaune ina kallon furfurarsa ina son sa. Na buɗe baki na ce na yafe. Leɓuna sun motsa, na ji su. Amma na riga na ƙarar da muryar a faɗa, ko iska ba ta fito ba. Shi kuma kansa yana ƙasa, bai gani ba.

Ya jira. Da shirun ya yi yawa ya ɗago, idonsa jajir, ya ce, "Ka ce wani abu, Alaramma?"

Da na huta minti biyu, da muryar ta dawo. Da gyaɗa kai ma na yi, ya isa. Na dube shi, na tashi na sa takalmina na fita. Watanni ke nan yanzu. Muna haɗuwa a masallaci sahu ɗaya, muna gaisawa, yana riƙe hannuna yana dubana yana jira. Har yau ban maimaita ba.